Gem Ɗin Da Ya Cinye Awon Mahaifiyata

Shekarun baya kaɗan, lokacin ina aji biyu a ƙaramar sakandare, ni ne alƙalin gem na layinmu a Kontagora. Ba wanda ya naɗa ni. Na dai fi kowa surutu ne, kuma a waɗancan shekarun wanda ya fi surutu shi ake ɗauka ya fi sani.

A layinmu babu mai sayen data don ya sauke gem, wannan aikin 'ya'yan masu hali ne. Yayan abokina yana karatu a Minna, can akwai inda suke samun intanet kyauta. Duk hutun da ya dawo wayarsa cike take da sababbin gem, sai mu taru a rumfar mai caji a yi ta turawa daga waya zuwa waya kamar ana rabon naman suna. Wanda ya samu ya tura wa na kusa da shi. Gem ɗaya kan zagaye unguwa kafin a kira la'asar. Ni kuma ina zaune a kan benci ina yanke hukunci: wannan ya yi, wannan a kai shi bola.

Wayata gadon yayata ce. Fuskarta a tsattsage, memorinta kuwa in ka ɗauki hoto biyu sai ta roƙe ka ka goge ɗaya. Saboda haka rabin gem ɗin da nake yanke wa hukunci ta bayan kafaɗar wani na leƙe su. Wannan bai taɓa hana ni magana ba.

A hutun da nake ba ku labari, kayan da ya kawo sun yi yawa. Akwai sabon na ƙwallo, fuskokin 'yan wasa kamar a talabijin, amma golan yana tsayawa kamar wanda ake yi wa hoton fasfo. Akwai na tsere mai daɗi, sai dai duk kwana biyu da ka sha sai talla ta fito. Na harbi ba ya buɗewa sai da data, don haka ya mutu a layinmu tun kafin a haife shi. Akwai wani na ban tsoro da ya sa abokina ya jefar da wayarsa cikin kwandon lemo da rana tsaka, har yau yana cewa hannunsa ne ya yi gumi. Sai wani ƙaramin na noma, ka shuka, ka girbe, ka ciyar da kaji. Shi ko minti ɗaya ban ba shi ba, na ce na tsofaffi ne.

Sannan ga babbansu. Gari ne guda a cikinsa, ka shiga mota, ka fita, ka hau bene, ka je duk inda ka ga dama. Yayan abokina bai ma gwada buɗe shi ba, ajiye shi kawai ya yi, wai wayarsa ba za ta iya ba.

"Giga huɗu ne," in ji abokina. "Taka ko azumin wata guda ta yi ba za ta ɗauka ba."

"Ta Mama fa?" na ce.

Ya dube ni. Ya kau da kai. Wannan ita ce kaɗai shawarar kirki da ya taɓa ba ni, ban kuwa ɗauka ba.

Mahaifiyata tela ce, tana da ɗan shago a jikin gidanmu. Da can a littafi take rubuta awo, har wata damina da rufi ya yi yoyo littafin ya zama kunu. Tun da kawuna ya saya mata sabuwar waya sai ta canza dabara. In za ta auna mace, sai ta danna ɗaukar murya ta ajiye wayar a kan keke, tef a hannu biyu, tana aunawa tana faɗa: wance ce, kafaɗa kaza, ƙirji kaza, damtse kaza, tsayi kaza. Ranar yanka sai ta kunna, ta ji muryarta, ta zana da alli. Duk awon matan da take wa ɗinki a cikin wayar nan yake, babu shi a wani wuri.

A satin kuma akwai biki a bayan layinmu ranar Asabar. Anko na mata goma sha huɗu ne a hannunta, atamfa iri ɗaya da uwar amarya ta sa aka kawo daga Kano. Ta yanka biyar, saura tara.

Ranar Litinin babu wuta tun safe. Ta miƙo mini wayar ta ce, "Kai mini caji. Ka zauna har ta cika, kar ka bar ta a can."

Na zauna kuwa.

Muna fara tura babban gem ɗin wayar ta ce babu isasshen wuri. Na shiga bincike. Hotunan ɗinki, a'a, za ta lura. Bidiyon sunan ɗan yayata, a'a, ina son raina. Sai na ga wurin da sauti yake taruwa, ya cinye fiye da giga biyu. Na kunna na farko, wa'azi ne da ake turowa a zauren dangi. Na kunna na biyu, gwaggona ce take gaisuwa, minti shida ba ta gama tambayar lafiyar awaki ba. Na ce duk shara ce.

Ba zan ce muku ban san awon yana cikin wayar ba. Na sani. Wani ɓangare na kaina ya ɗaga hannu kamar ɗalibi a aji, na ce masa ya zauna. Na zaɓi duka, na goge. Wayar ta tambaye ni ko na tabbata. Ita ma ta yi iya ƙoƙarinta.

Gem ɗin ya buɗe da wani bidiyo da har yau ban ga irinsa ba. Ruwan sama yana sauka a kan kwalta, hasken fitilu yana rawa a cikin ruwan, rigar mutumin da ake wasan da shi tana kaɗawa a iska. Kawuna bakwai suka haɗu a kan waya ɗaya, har mai caji ya bar kwastoma a tsaye ya leƙo. Daga nan gem ɗin ya ce sai an ƙara sauke wani abu. Yayan abokina ya sam mana data yana tsaki. Muka jira.

Da aka shiga wasan sosai, mutumin ya ɗaga ƙafa ɗaya, wayar ta tsaya ta yi tunani, sannan ya sauke ta. Hawainiya za ta ba shi rata ta kuma riga shi. Da ƙyar na kai shi bakin wata mota, ya shiga, motar ta nutse cikin titi har wuya. Mai caji ya taɓa bayan wayar ya janye hannu.

"Kai wa mai shayi ya soya ƙwai a kai, kar zafin ya tafi a banza."

Bai rufe baki ba gem ɗin ya rufe kansa. Minti goma sha ɗaya, abokina ya duba. Ashe kallon kitse muke wa rogo. Na goge shi, na goge fuskar wayar da gefen rigata, na kai wa Mama da caji ɗari bisa ɗari. Har ta sa mini albarka.

Washegari da safe ina shan kunu a ƙofar shago, ta shimfiɗa atamfa a kan tebur, ta ɗauki alli, ta ɗauki waya. Na ga yatsanta ya yi sama, ya yi ƙasa, ya sake yin sama. Na ajiye kunun.

"Kai. Me ka yi wa wayar nan?"

"Caji, Mama."

"Bayan caji."

Na faɗa mata. Na shirya wa duka, har na zaɓi kafaɗar da zan bayar. Ba ta ko tashi ba. Ta daɗe tana kallon atamfar, sannan ta shiga gida ta fito da wani wankakken buhun shinkafa.

"Ba zan sa matan mutane su baro aikinsu su sake zuwa awo ba, biki saura kwana huɗu. Ka bi su gida gida. Kowacce ta ba ka rigar da take mata daidai yanzu, ba ta bara ba, da ita zan yanka. Kuma ka faɗa musu abin da ka yi, da bakinka."

Da ta dake ni ya fi mini sauƙi. Shekaruna sun kai inda murya ta fara fashewa, wasu gidajen ina shiga har tsakar gida, wasu a zaure ake tsayar da ni. Ka tsaya a zauren mutum da buhu a kafaɗa ka ce ka zo karɓar rigar matarsa, ka ga irin kallon da zai yi maka.

A gidan farko na gwada dabara. Na ce wata cuta ce ta shiga wayar, irin wadda take yawo yanzu. Matar ta fara salati tana jajanta mana, sai ɗanta ya ɗago labule.

"Ƙarya yake, Umma. Gem ya sa. Ina wurin."

Daga nan na daina wahalar da kaina. Labarin ma ya riga ni gaba, kafin in yi sallama a gida na uku an san da zuwana.

A gida na huɗu mai gidan ne ya tare ni a zaure, wani dattijo da ya yi shekaru yana jan tirela zuwa Legas kafin ya ajiye. Ya aika a karɓo rigar, ya nuna mini tabarma. Na zauna ina jiran wa'azi.

"To, gem ɗin ya yi kyau?"

Na ɗauka gatse ne. Na ce, "Hotonsa dai, Baba, kamar gaske."

"Hoto ake tuƙawa?"

Ya zaro waya daga aljihun gaba, ya buɗe wani gem na tuƙin tirela wanda ni da bakina na taɓa cewa barci yake sawa. Ya riƙe wayar nesa da fuska, ya ɗauko kaya ya nufi gangara.

"Ka gani? Wanda ya haɗa wannan ya taɓa zama a gaban mota. In ka taka birki da lodi a baya, sai ka ji tana turo ka. Abu ɗaya suka manta, ramuka. Da sun zo sun ɗauki hanyarmu da ya cika."

Sai da ya yi ribas ya ajiye tirelar tsaf tsakanin layi biyu sannan ya sallame ni. An kawo rigar tun tuni.

Ta gida na shida ma'aikaciyar jinya ce, na same ta za ta fita aiki. Ita ma tana da nata gem ɗin a waya, na jera launuka. Ta ce abin da ya sa take son sa, ba ya fushi. In aka kira ta ta ajiye, in ta dawo bayan awa uku yana nan inda ta bar shi. Ta cusa rigar a buhu da kanta ta ce in gaya wa Mama ta rage wuyan, tunda dai Allah ya sa an sake zuwa.

Mahaifiyar abokina ita ce ta takwas, na je mata ranar Laraba da hantsi. 'Yar Kaboji ce, tana cikin mawaƙan cocinsu, kuma tun muna ƙanana take dukanmu tare ba ta bambantawa. Na same ta tana tsince wake, waya jingine da turmi, ga ƙaramin gem ɗin noman nan a buɗe. Abokina ne ya sa mata shi ranar da aka kawo. Ta riga ta gina rumbu uku.

"Zo nan, mai goge-goge. Kai ne ka ce wannan na tsofaffi ne?"

"Ban ce ke ba, Mama."

"Masara minti biyu ta nuna. A Kaboji wata uku muke jira, kuma biri ya riga ka. Bar ni in huta a nan." Ta danna ta kwashe ƙwai, ta miƙo mini riga a ninke. "Saura wa?"

"Gwaggon amarya."

Ta daina tsince waken. "Ka san ba a garin nan take ba ko? Tana Zugurma."

Ban sani ba. Gwaggon amarya yayar uban amarya ce, babbar mace mai faɗa a ji a danginsu. Duk sallah takan zo wa mahaifiyata da jaka guda ta ɗinki, nata da na 'ya'yanta da na jikoki. Makonni biyu kafin nan ta shigo mota musamman don a auna ta, ta zaɓi doguwar riga mai faɗin ƙasa, ta koma.

Uwar amarya ta kira lambarta ya fi sau ashirin, ba ta shiga, wai sabis ɗin wajensu sai an hau tudu. An dai san za ta iso Juma'a da yamma. Doguwar rigar kuma akwai aikin duwatsu a wuya, in ba a yanka ranar Alhamis ba ba za ta kammalu ba. Uwar amarya ta tona akwati ta samo wata rigar gwaggon da ta manta a gidan tun wani suna.

Mama ta ɗaga rigar ta juya ta gaba da baya. "Wannan ba jikin da na auna ba ne. Ta ƙaru."

"Da nawa?" na ce.

Ta dube ni, na gane ba ni ya kamata in yi wannan tambayar ba.

Ta rufe ido ta buɗe hannuwa kamar tana zagaya tef a jikin wani, bakinta yana motsi. Ta ƙara abin da ta ƙara, ta bar sarari a cikin ɗinki iya abin da atamfar ta yarda, don faɗin ƙasan ya cinye yadi. Ta yi bisimilla ta sa almakashi. Ni aka ba guga da cire zare, kwana biyu ban taɓa waya ba, abin da likitoci ya kamata su zo su yi nazari a kai.

Riguna goma sha uku suka tafi, babu wadda ta dawo. Ma'aikaciyar jinyar ma ta aiko a ce wuyan ya yi.

Ranar Juma'a bayan la'asar gwaggon ta iso, ko gidan biki ba ta fara zuwa ba ta wuce shagonmu. Aka saki labule, ni ina waje a kan benci. Na ji ƙarar atamfa sabuwa, sai na ji zare ya yi ƙara.

"Hannun bai wuce damtse ba."

"Bari in saki, Hajiya, na bar wuri a ciki."

Mama ta farke duk sararin da ta bari ta sake bi da keke. Aka sake gwadawa. Hannu ya shiga da ƙyar, ƙirji ya ƙi. Ta leƙo ta miƙo mini ƙyalle ta ce in ruga kasuwa ko yadi ɗaya ne. Na bi masu atamfa shago shago suna rufewa, kowa ya karɓi ƙyallen ya murza ya ce wannan zanen bai shigo garin nan ba. Na dawo hannu rabbana.

Ina isowa na ji muryar gwaggon. Ba ta ɗaga ta ba.

"Ba ke kika auna ni da hannunki ba? Na baro Zugurma, na bar aikina, don kar a yi haka."

Duk unguwar nan ta san ni na goge awon. Yara sun sani, dattijon tirela ya sani, mai caji yana ba kwastomominsa labari. Ita kaɗai ce ba ta ji ba, kalma ɗaya kuma ta isa. Na ma matso bakin labulen don a nuna ni.

"Ni na auna ki, Hajiya," in ji Mama. "Kuskuren daga wurina ne. Ki yi haƙuri."

Gwaggon ta ninke rigar ta ajiye a kan keke, ta yafa mayafinta, ta fito. Na gaishe ta, ta amsa, har ta tambaye ni karatu.

Ranar Asabar mata goma sha uku suka fito cikin anko, ita ta sa wani shuɗin leshi da ta zo da shi. A hoton dangi tana can gefe, kamar wadda ta zo wucewa aka ce ta tsaya. Na tabbata kafin a watse wani ya ba ta labarin gem, a garin nan magana ba ta kwana. Bai canza komai ba.

Bayan biki na tambayi Mama me ya sa ba ta ce ni ne ba. Tana zura zare a allura, ba ta ɗago ba.

"Ni ta ba wa kayanta, ba kai ba."

Har yanzu ina buga gem, kar wani ya ɗauka na tuba. Na bana ma wasu sun yi kyau sosai, akwai na ƙwallon da golansa ya koyi faɗuwa. Abin da ya ragu shi ne bakina. In aka kawo sabo aka ce alƙali me ka gani, nakan ce a ba ni kwana biyu, in kuma ban buga da hannuna ba in ce ban buga ba. Yawon buhun nan ya nuna mini mutane uku da suka fi ni sanin abin da suke nema a gem, kuma duk waɗanda suka riƙe ɗin ni na taɓa aika irinsu bola. Babban gem ɗin kuwa, wanda na yi wannan ɓarna dominsa, ko sunansa yaran layinmu ba sa tunawa.

Abin yanzu dariya yake ba mutane, ni ma ina ba da shi ina ƙara gishiri. Wuri ɗaya ne ba na ƙarawa. Gwaggon ba ta sake kawo ɗinki ba. Ba faɗa, ba gaba. Kafin sallar da ta wuce na gan ta ta sauka daga babur da jakarta cike, ta biyo ta gaban shagonmu za ta wurin wata tela a ƙarshen layi. Ta tsaya ta yi sallama. Mama ta dakatar da keke, ta amsa da fara'a, ta tambayi mutanen Zugurma ɗaya bayan ɗaya. Gwaggon ta gyara riƙon jakarta ta wuce.

Mama ta bi jakar da kallo har ta shige wancan shagon. Sannan ta ce in matsa, na tare mata haske, ta ci gaba da taka keke.